Ƙaiƙayi da Ƙurajen da Yara Kan Kwaso a Waje: Musabbabinsu da Yadda Ake Rarrabe Su

Kalmar ƙaiƙayi tana da ma'ana biyu a bakin Bahaushe. Da ita yake kiran abin nan da mutum kan ji a fatarsa har ya kai hannu ya sosa, da ita kuma yake kiran ɓawon nan mara nauyi da yake tashi daga gero da dawa sa'ad da ake sussuka da shiƙa. Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya dawo daga masussuka yana susar wuya da ciki ba ya bukatar a gaya masa yadda aka yi kalma ɗaya ta ɗauki kaya biyu. Watau tun da daɗewa mutane sun lura akwai ƙaiƙayin da daga waje ake kwaso shi. Amma duk da haka, in yaro ya dawo daga wasa, ko kiwo, ko gona, ko wanka a kududdufi, jikinsa ya feso da ƙuraje, galibi suna ɗaya ake ba su duka. Sai a ce zafi ne, ko jini ne ya ɓaci, sa'an nan a sayo man shafawa iri ɗaya a bi su da shi.

Dalilin haka a fili yake. Abubuwan da suke iya taɓa fatar yaro a waje sun fi a ƙirga, alhali fata ba ta da hanyoyi da yawa na nuna an taɓa ta: ko dai ta tasa, ko ta feso da ƙananan ƙuraje, ko ta ɗuri ruwa. Saboda haka duban ƙurji shi kaɗai ba ya isa a gane musabbabinsa. Abin da yake fayyace al'amarin shi ne sanin inda yaron ya je, da tsawon lokacin da ya shige tsakanin zuwansa da fitowar ƙurajen, da sashen jikin da suka fito. Rarrabewar kuwa tana da amfani ƙwarai, domin ko da yake mafi yawansu suna bajewa da kansu cikin 'yan kwanaki, akwai waɗanda 'yan aike ne kawai na wata cuta da take tafe, wadda za ta taɓa jini, ko mafitsara, ko ƙoda.

Yadda Ƙaiƙayi Yake Samuwa

A cikin fata akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu gadi, waɗanda masanin nan na Jamus, Paul Ehrlich, ya bayyana a 1878. Kowace ɗaya cike take da sinadarai, babbansu shi ne wanda ake kira histamin. Da zarar wani baƙon abu ya shigo, kamar yawun sauro, sai su zubar da abin da ke cikinsu. Histamin yana buɗe ƙananan hanyoyin jini, ruwa ya tsattsafo ya taru, wurin ya tasa. Yana kuma zuga waɗansu siraran jijiyoyi masu kai saƙo ƙwaƙwalwa, saƙon nan kuwa shi ne ƙaiƙayi. Duk wannan cikin 'yan mintoci yake faruwa. Akwai kuma hanya ta biyu mai nawa, wadda fararen ƙwayoyin jini suke bi. Sai sun hallara a wurin tukuna, abin da yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Wannan shi ya sa tambayar yaushe abin ya fara take da nauyi, gama ƙurjin da ya fito yau da safe mai yiwuwa ne tun shekaranjiya aka kwaso shi.

Akwai wani abin lura kafin a ci gaba. Yawancin littattafan likitancin fata a Turai da Amurka aka rubuta su, inda alama ta farko ita ce wuri ya yi ja. A baƙar fata jan nan ba ya fitowa sosai. Wurin yakan ƙara duhu ne, ko ya yi toka-toka, ko ya yi sheƙi. Don haka a nan yatsa yakan ga abin da ido bai gani ba. A shafa a ji tudun ƙurjin da ɗuminsa, a kuma duba shi a hasken rana.

Gona da Daji

Babu tsiron da ya kai ƙarara suna wajen ƙaiƙayi. Tana yaɗo ne a jikin bishiyoyi da shingaye, kwanson 'ya'yanta kuma lulluɓe yake da gashi mai kaifi wanda ko iska ma tana iya kaɗo shi. Cikin minti ɗaya ko biyu da taɓa shi yaro zai fara tsalle. A 1955 waɗansu likitocin fata biyu na Amurka, Walter Shelley da Robert Arthur, suka nuna cewa kaifin gashin kaɗai ba shi ne ke jawo azabar ba. Akwai wani sinadari a jikinsa, wanda suka raɗa wa suna mukunain. Binciken da aka buga a 2008 ya tabbatar cewa sinadarin nan kai tsaye yake zuga jijiyoyin ƙaiƙayi, ba ya bi ta hanyar histamin. Amfanin sanin wannan shi ne, ƙwayar maganin ƙaiƙayi da aka saba saye, wadda aikinta tare histamin ne, ba ta yin wani abin kirki ga ƙarara. Abin yi shi ne a cire gashin. A tuɓe rigar, a manna salatif a wurin a ɗaye, a maimaita, sa'an nan a wanke da ruwa da sabulu ba tare da dirzawa ba. Susa ƙara cusa gashin take yi, ta kuma kai shi inda bai je ba.

Haka ake yi wa gashin gizaka, wadda takan faɗo wa yara daga bishiya da damina, ta bar jerin ƙuraje a wuya ko dantse. Ƙaiƙayin hatsi, da gashin ganyen kuɓewa, da ƙayar ƙarangiya, su sokar fata kawai suke yi, wanka da canjin tufafi sun ishe su.

Ruwan itace wani babi ne. Farin ruwan tumfafiya, da na tinya, da na aguwa da ake shinge da ita, ƙona fata yake yi, kowa ya taɓa zai ji, in kuwa ya shiga ido to lamarin ya wuce na ƙaiƙayi: sai a yi ta zuba ruwa mai tsabta a idon, a garzaya asibiti. Mangwaro kuwa zaɓe yake yi. A ƙaronsa da ɓawonsa akwai wani sinadari wanda jikin waɗansu yara yake riƙewa a matsayin abokin gaba bayan haɗuwar farko. In suka sake taɓa shi, bayan kwana ɗaya zuwa uku sai ƙuraje masu ruwa su fito kewaye da baki da yatsu. Yaro goma za su hau bishiya ɗaya, ɗaya ne ko biyu za su kumbura, shi ya sa iyaye ba sa yarda mangwaron ne. Yazawa danginsa ce, halinsu ɗaya. Lemun tsami shi kuma sai da taimakon rana yake ɓarna: in ruwansa ya bushe a fata, rana ta doke shi, bayan kwana ɗaya ko biyu wurin yakan yi kamar ƙuna, da siffar yadda ruwan ya gangara, ya bar baƙin tabo na watanni.

Ƙwari

Iyaye da yawa sukan yi mamakin yadda za a zauna a tsakar gida ɗaya da yamma, sauro ya ciji kowa, amma ɗan shekara uku ne kaɗai zai wayi gari ƙafafu duk ƙuraje. Amsar wannan ta fito daga gwajin da Kenneth Mellanby ya buga a 1946, shi ne kuwa wanda ya zama shugaban farko na Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1947. Ya sa sauro ya riƙa cizon mutanen da irin sauron bai taɓa cizonsu ba, ya ga jiki mataki-mataki yake bi. Da farko babu abin da yake fitowa. Bayan cizo ya maimaitu, sai ƙurji mai tauri ya riƙa fitowa washegari. Daga nan sai a riƙa samun kumburi nan take, ƙurjin kuma ya biyo baya. Can gaba sai kumburin nan take kaɗai ya rage. Wanda ya daɗe ƙwarai ana cizonsa yakan kai inda jikinsa ba ya ko kulawa. Yaro tsakanin shekara 2 zuwa 10 yana tsakiyar matakan ne, inda abin ya fi tsanani; uban ya riga ya wuce wurin.

Ana gane waɗannan ƙuraje da cewa a wuraren da tufa ba ta rufe ba suke fitowa, watau ƙwauri da dantse da fuska, sau da yawa gungu-gungu, kowanne da ɗan ɗigo a tsakiya. Ƙuma ta fi cizon idon sawu, musamman ga yaran da ke wasa inda karnuka da kyanwoyi ke kwanciya. Wani abin da ke rikita mutane shi ne, sabon cizo yana iya tayar da tsofaffin da suka fara bajewa, sai a ga kamar cutar yaɗuwa take yi daga ciki.

Akwai kuma ƙwarin da ba sa cizo, ba sa harbi, amma sun fi masu cizon barin tabo. Manoma sun san hangara, wadda take taruwa a kan gero in ya fitar da kai. In aka murƙushe ta a jiki ruwanta yakan tayar da bororo. Akwai wani ɗan siririn ƙwaro wanda tsawonsa bai wuce santimita ɗaya ba, jikinsa ratsin baƙi da ja, mai kama da tururuwa, wanda a Gabashin Afirka ake kira ƙudan Nairobi. Yana son wuri mai dausayi, kamar gonar shinkafa, da dare kuma yana bin hasken lantarki. In ya sauka a wuyan yaro, yaron ya kai masa mari ya goge, dafin da ke cikin jininsa zai shafu a layi. Ba a jin komai a lokacin. Bayan awa 12 zuwa 36 sai wurin ya yi kamar an ɗana wuƙa mai zafi, ya ɗuri ruwa. In a gwiwar hannu ne ko bayan gwiwa, ɓangaren da ya manne da shi ma yakan kama, a sami tabo biyu suna fuskantar juna. Hure ƙwaron ake yi, ba a mari. In an riga an murƙushe shi, wanki da sabulu nan da nan yana rage ɓarnar, a kuma wanke hannu kafin ya kai ido.

Ƙasa da Ruwa

A nan ne ƙuraje masu ɗauke da labari suke. Karnuka da kyanwoyi suna da wata tsutsar hanji wadda ƙwayayenta ke fita cikin kashinsu. A rairayi mai laima da inuwa, ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu, bayan kamar mako guda kuma 'yar tsutsar ta isa huda fata. Yaron da ya zauna tsirara a tulin yashin gini, ko ya taka ba takalmi, sai ta shige shi. Da yake jikin mutum ba gidanta ba ne, ba ta iya zarcewa ciki, sai ta yi ta yawo a cikin fata, tana barin siririn layi mai tudu, a karkace kamar sawun maciji, wanda yake ƙaruwa da 'yan milimita zuwa santimita ɗaya ko biyu kowace rana. Ƙaiƙayinta yana hana barci. A tafin ƙafa da tsakanin yatsu da ɗuwawu aka fi ganinta. Masu tsagawa da reza don su ciro ta wahala kawai suke ba yaro, domin tsutsar tana gaba da ƙarshen layin da ake gani, ido kuma ba ya ganinta. Ƙwayar albendazol ko aibamektin, bisa umurnin likita, tana kashe ta cikin 'yan kwanaki.

'Yar'uwarta ta mutane ta fi ta wayo. Ita ma ta ƙafa take shiga, a wurin da ake bahaya a fili, amma ɗan ƙaiƙayi na kwana biyu ko uku kawai take bari. Daga nan ta bi jini zuwa huhu, ta gangara hanji, ta maƙale tana tsotson jini. Bayan watanni sai a ga yaro ya ɗashe, tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ba ya iya gudu da 'yan'uwansa, babu kuma mai tuna ƙaiƙayin ƙafa.

Ruwa kuwa shi ne gidan tsargiya. Theodor Bilharz, likita Bajamushe, shi ya fara ganin tsutsar da ke kawo ta, a Alƙahira a 1851. Mai cutar yana fitar da ƙwayayenta a fitsari ko bahaya. In suka faɗa ruwa sai su ƙyanƙyashe su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, su hayayyafa a ciki, sa'an nan su fito dubbai, kowace ɗaya kamar rabin milimita, da jela mai reshe biyu. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara ruwa. Cikin 'yan mintoci suke huda fata. Yaro zai ji kamar ana tsikararsa yana fitowa daga ruwan, bayan 'yan awoyi kuma ƙananan ƙuraje su feso a sassan da suka nutse kaɗai. Wanda ya tsaya a ruwa iya gwiwa, iya gwiwa ƙurajensa za su tsaya. Wannan iyaka ita ce babbar shaida.

Akwai irin tsutsar da ta tsuntsayen ruwa ce, wadda William Cort ya gano a wani tafki a jihar Mishigan ta Amurka a 1928 cewa ita ke sa masu iyo ƙaiƙayi. Ita a fata take mutuwa, ƙurajenta sun fi zafi, amma daga nan magana ta ƙare. Ta mutane kuwa ƙurajenta ba su da tsanani, ga yaran da suka saba shiga ruwan ma sau da yawa ba a lura da su, alhali ita ce mai zarcewa. Takan girma a hanyoyin jini na ciki, bayan kamar mako 10 zuwa 12 sai a ga jini a ƙarshen fitsari. A waɗansu ƙauyuka abin ya yi yawa har ana ɗaukarsa alamar balaga ga ɗa namiji, wannan kuwa kuskure ne mai tsada, domin shekaru na wannan ciwo suna lalata mafitsara da ƙoda, ga 'ya'ya mata kuma suna taɓa al'aura da mahaifa. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tsargiya a duniya. Madatsun ruwa da magudanan noman rani, irin su Tiga da aka gama a 1974 da filayen Kadawa da take shayarwa, sun kawo abinci da arziki, amma sun samar wa katantanwar ruwa mara gudu rani da damina. Maganinta, firazikwantel, ana raba shi ga 'yan makaranta a wurare da yawa. Ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu ba ya ɗauke da haɗarin, domin 'yan tsutsotsin ba sa rayuwa fiye da haka in ba su sami jiki ba.

Zafi da Hunturu

Ƙurajen zafi ba su bukatar dogon bayani. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ƙofofin gumi sukan toshe, gumin ya taru cikin fata, ƙananan ƙuraje kamar ƙwayar gero su cika wuya da baya da goshi da hammata, watau wuraren da tufa ko zanen goyo ya rufe, akasin cizon ƙwari. Wanka da ruwan sanyi da riga ta auduga mara nauyi su ne magani. Man basilin da sauran mai masu kauri ƙara toshe ƙofofin suke yi. Da hunturu abin juyawa yake, fata ce ke bushewa ta yi ƙaiƙayi, a nan man shi ne magani, a shafa shi jiki na da sauran laima.

Abin da Susa Take Jawowa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Fata bango ce, farcen yaro kuwa shi ne mai tsaga ta. Kowane irin ƙurji da aka ambata a baya, in aka sosa shi har ya fashe, ƙwayoyin cuta suna iya shiga, ya zama gyambo mai ɓawo ruwan zuma da mugunya. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan, sitireftokokas, yana da nau'o'in da in jiki ya tashi yaƙarsu, tarkacen yaƙin yakan je ya toshe matatar ƙoda. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun buga bincike a 1973 a kan alaƙar ƙazuwa da gyambon fata da ciwon ƙoda a Zariya. Ƙazuwa dai ba a waje ake kwaso ta ba, daga jikin mutum take zuwa jikin mutum. Ana gane ta da ƙaiƙayin dare, da ƙuraje tsakanin yatsu da wuyan hannu, da kuma cewa ba yaro ɗaya take kamawa a gida ba. Amma hanyar da take bi ta kai ga ƙoda, watau susa, ita ce hanyar da cizon sauro da sawun tsutsa suke bi.

Saboda haka yanke wa yaro farce, da wanke ƙurji da sabulu, da ɗora tsumma mai sanyi, da shafa ruwan kalamin, sun fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ƙwayar tare histamin tana taimaka wa cizon ƙwari da borin jini, amma ba a ba jariri sai da izinin likita. Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne man shafawa mai haɗin magunguna uku da ake sayarwa a kowane kemis. A cikinsa akwai sitiroyid mai ƙarfi, wanda yake kwantar da kowane irin ƙaiƙayi cikin kwana biyu, dalilin farin jininsa ke nan. Amma ba ya kashe tsutsa ko ƙazuwa, makero kuma yana iya bazuwa a ƙarƙashinsa ya ɓad da kama. In aka daɗe ana shafawa fata takan yi laushi ta tsage, jikin ƙaramin yaro kuma yana zuƙe maganin ya shiga jini.

Akwai halin da ba a jira. In bayan harbin zuma ko rina borin jini ya game jiki, leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya yi wuya, to mintoci ake ƙirgawa, allurar adiranalin ake bukata. Haka nan ƙuraje tare da zazzaɓi ba a jingina su ga wasan waje sai an tabbatar ba ƙyanda ba ce, ba ƙarambau ba, ba sanƙarau ba.

Ciwon ƙodar nan kuwa ba ya zuwa da gaggawa, abin da ya sa yake shammatar mutane ke nan. Mako uku zuwa shida yake ɗauka bayan gyambon. Sai a ga yaro ya tashi da safe fuska da fatar ido a kumbure, fitsarinsa ya ragu ya koma kalar ruwan shayi, wani lokaci da ciwon kai saboda jininsa ya hau. Mafi yawan yara suna warkewa sarai in aka kula da hawan jinin da ruwan da ya taru a jikinsu, amma a asibiti ake wannan kulawa. A lokacin gyambon ya riga ya bushe, baƙin tabo kaɗai ya rage a ƙwauri, don haka in an je gaban likita a ɗaga wandon yaron a nuna masa tabon, a kuma gaya masa makon da ƙurajen suka fara.